Idan Faifan Kwamfuta Zai Yi Ƙaura

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya shafe shekara 10 yana bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10. Magajiyarta kuwa, wato Windows 11 wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗan da ɗimbin kwamfutocin da ke ofisoshinmu da gidajenmu ba su cika ba, musamman na hannu waɗanda akasarinmu muke saye. Wannan, tare da tsufa da kuma ɓarnar da wutar lantarki ke yi wa kayan aiki, ya sa sauya kwamfuta ya zama ruwan dare a tsakanin malamai da likitoci da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati. Duk wanda ya tashi sauyawa kuwa tambaya guda yake yi: yaya zan yi da kayana da ke cikin tsohuwar? Amsar da ya fi samu a shagon mai gyara ita ce, "Ranka ya daɗe, ai ba wata matsala, sai mu zare had-dis ɗin mu sa maka a sabuwar."

Maganar mai gyara tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta cika ba. Ni ba injiniya ba ne, fagena nazarin harshe ne. To amma mu masu nazarin harshe muna cikin waɗanda suka fi kowa dogara da wannan ɗan faifai, domin jarinmu muryoyin mutane ne da kalmominsu, kuma a cikinsa muke tara su. Abin da na lura da shi a tsawon shekarun da na yi ina koyarwa da duba kundayen ɗalibai shi ne, ba a ranar da kwamfuta ta mutu aka fi yin asarar aiki ba. An fi yin ta a ranar ƙaura, lokacin da ake ƙoƙarin kwashe kaya daga tsohuwa zuwa sabuwa. Saboda haka ina ganin ya dace mai karatu ya san abin da ke bin faifan idan ya tashi, da abin da ke zama a tsohon gida.

Faifan da gidansa

Abin da masu gyara ke kira had-dis shi ne rumbun kwamfuta, wato wurin da rubuce-rubuce da hotuna da sauti da manhajoji ke kwana idan an kashe ta. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956. Na farkon nan yana ɗauke da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, nauyinsa duka ya kai kusan tan guda, amma abin da yake iya riƙewa bai wuce haruffa miliyan 5 ba. A yau wanda ke shiga aljihun riga yana ɗaukar abin da ya ninka wannan sau dubu ɗaruruwa.

Duk da haka tsarin aikinsa bai sauya ba. A cikinsa akwai faya-fayai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani ɗan hannu mai karatu da rubutu wanda ke shawagi a samansu, a tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin mutum ba. Shi ya sa faɗuwa ɗaya daga kan tebur, musamman yana cikin juyawa, kan iya gamawa da shi. Akwai kuma sabon nau'i da ake kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jure girgiza, sai dai idan ya lalace ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya.

Kafin a yi maganar komai, sai an duba ko bakin faifan zai shiga sabuwar kwamfutar. Tsofaffin faya-fayai suna amfani da mahaɗin da ake kira IDE, mai tsinke 40 da faffaɗar igiya kamar ɗamara. Daga 2003 mahaɗin SATA ya fara maye gurbinsa. Kwamfutocin cinya na yanzu kuwa yawancinsu wani siririn katako suke ɗauka mai suna M.2, wanda shi ma iri biyu ne, kuma ba kowane rami ne ke karɓar duka biyun ba. Na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, don haka igiyar USB kaɗai ba ta tayar da shi; na kwamfutar cinya, mai inci 2.5, shi ne ke wadatuwa da bolt 5 ɗin da USB ke bayarwa. Sannan akwai kwamfutocin da ba a zare rumbunsu ko kaɗan, domin an liƙe shi da dalma a jikin babban allon da masu gyara ke kira bod. Haka kwamfutocin cinya na Apple na 'yan shekarun nan suke, haka ma wasu masu araha na sauran kamfanoni. Wanda ya sayi irin wannan ya sani cewa ranar da bod ya ƙone, ba shi da faifan da zai zare.

Akwai wani haɗari kuma da ya fi shafar mu 'yan Arewa. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe ƙamas, jikin mutum kan tara wata 'yar wuta, irin wadda kan tsikari hannu idan aka taɓa ƙofar mota. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe allon da ke bayan faifai. Maganinta mai sauƙi ne: a kashe kwamfuta, a zare igiyar wuta da batir idan yana zaruwa, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa faifan, a kuma riƙe shi ta gefe.

Baƙo ko maigida

Hanya biyu ce faifai ke shiga sabuwar kwamfuta, kuma rashin bambance su ne tushen yawancin rikicin. Yana iya shiga a matsayin baƙo, wato a sa shi cikin ɗan kwanso a jona da USB, ko a ba shi gurbi na biyu a ciki, sabuwar kwamfutar ta tashi da nata faifan, ta leƙa cikin baƙon ta kwashi fayil-fayil. Yana kuma iya shiga a matsayin maigida, wato a ce sabuwar kwamfutar ta tashi da Windows ɗin da ke kansa, komai ya ci gaba kamar ba a yi ƙaura ba. Wannan ta biyun ita ce mutane suka fi so, ita ce kuma ta fi ba da wahala.

Dalili kuwa shi ne, lokacin da aka ɗora Windows a kan kwamfuta, takan auna kayan cikinta ta ɗauko ƙananan manhajojin da ake kira direba, waɗanda aikinsu tafinta ne tsakaninta da kowane sashe. Idan aka kai faifan wani gidan, tafintocin da ya zo da su ba lallai ne su ji harshen mutanen gidan ba. Waɗanda suka yi zamani da Windows XP, wadda ta fito a 2001, za su tuna shuɗin allon nan mai lamba 7B, wanda ma'anarsa ita ce manhajar ta kasa isa ga faifan da take zaune a kai. Windows 10 da 11 sun fi haƙuri, sau da yawa sukan nemo sababbin direbobi su tashi. Amma akwai wani shingen. Tsofaffin kwamfutoci suna tashi ne da tsarin BIOS, faifansu kuma a tsage yake bisa tsarin MBR, alhali sababbi suna amfani da UEFI da GPT, kuma da yawa daga cikinsu sun daina karɓar tsohon tsarin gaba ɗaya. Faifan lafiyarsa ƙalau, kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma ba za su gaisa ba.

Ko da an tsallake wannan, sauran batun lasisi. Windows ɗin da ta zo tare da kwamfuta daga kamfani, lasisinta a ɗaure yake da bod ɗin wannan kwamfutar, ba ya bin faifai. Haka manhajoji masu tsada na lissafin ƙididdiga ko zanen gini, da yawansu sukan gane an sauya musu gida su nemi a sake yi musu rajista. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: a bar sabuwar kwamfuta da nata Windows, a sake ɗora manhajoji daga tushe, a shigo da tsohon faifai a matsayin baƙo.

Shi ma baƙon yana da nasa sharuɗɗan. Kowace babbar manhaja tana da yadda take jera kaya a rumbu: Windows tana amfani da NTFS, kwamfutocin Apple suna amfani da APFS tun 2017, Linux kuma galibi ext4. Kwamfutar Apple tana iya karanta faifan Windows amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Windows kuwa idan ta ga faifan da ba ta gane tsarinsa ba, takan fito da saƙo tana tambaya ko a yi masa fomat. Duk wanda ya ga wannan saƙon a kan faifan da ke ɗauke da aikinsa, to ya janye hannunsa. Danna amincewa a nan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Makullin da ba a san da shi ba

Shingen da ya fi kowanne tsanani a yau shi ne kulle. Tun zamanin Windows Vista akwai wani tsari mai suna BitLocker, wanda ke hargitsa duk abin da ke kan faifai ta yadda ba mai iya karantawa sai da makulli. Makullin kuwa yana ɓoye ne a wani ɗan sashe na bod da ake kira TPM, wanda yana cikin sharuɗɗan Windows 11. A da sai wanda ya so yake kunna shi. Amma kwamfutocin cinya da yawa sun daɗe suna kunna shi da kansu, kuma daga sabuntawar da aka yi wa Windows 11 a 2024 abin ya ƙara faɗaɗa, ta yadda da zarar mutum ya shiga da asusun Microsoft a sabuwar kwamfuta, faifan kan kulle ba tare da an tambaye shi ba. Muddin faifan yana gidansa, mai shi ba zai lura da komai ba. Ranar da aka kai shi wata kwamfutar, sai a nemi lambobi 48 na ceto.

Manufar tsarin mai kyau ce, domin ɓarawon da ya sace kwamfuta ba zai ga asirin mai ita ba. Matsalarmu ita ce al'adar da muke da ita ta barin mai shago ya "saita" mana sabuwar kwamfuta. Lambobin nan 48 suna ajiye ne a asusun da aka fara shiga da shi, kuma sau da yawa asusun na mai shago ne, ko wanda ya buɗe a gurguje da kalmar sirrin da ba wanda ya rubuta.

Wata ɗalibata mai neman digiri na uku ta shafe watanni tana yawo a ƙauyukan kudancin Bauchi, tana ɗaukar muryoyin dattawa masu magana da wani ƙaramin harshe da matasan wurin suka fara saki suna komawa Hausa. Wata rana aka dawo da wuta da ƙarfi, bod ɗin kwamfutarta ya ƙone. An zare faifan, an same shi lafiya, an jona shi a wata kwamfutar, sai ga tambayar lambobi 48. Wanda ya sayar mata da kwamfutar ya tashi daga shagonsa, layinsa kuma ba ya shiga. Abin da ta tsira da shi shi ne 'yan gutsattsarin da ta riga ta aiko mini don in saurara. Da ta koma ƙauyukan, biyu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Babin kundi ana iya sake rubuta shi. Muryar tsohuwar da ta san sunayen tsirrai da kirarin dangi a harshen da ke gab da ɓacewa kuwa, babu inda za a sake samo ta. A ƙasar da ke da harsuna sama da 500, da yawansu ba su da ko ƙamus, wannan asara ta wuce ta mutum ɗaya.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai kuma abin da ke faruwa ko da komai ya tafi daidai, wanda ya shafi duk mai rubutu da Hausa. Kafin tsarin Unicode ya samu karɓuwa, kwamfuta ba ta san ɓ da ɗ da ƙ ba. A shekarun 1990 wasu masu kishin harshen, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, suka ƙera zubin haruffa na musamman da suka ba mu damar buga Hausa yadda ya kamata, kuma sun cancanci godiya, domin da su aka buga littattafai da kundaye masu yawan gaske. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce aron gurbin wasu haruffa ko alamomi da Hausa ba ta amfani da su. Marubuci yana ganin ƙ a allo, amma abin da aka ajiye a faifai q ne ko wata baka.

Shi zubin haruffa ba a cikin takardar yake zaune ba, yana cikin wata folda ce ta Windows. Idan aka kwashe takardu zuwa sabuwar kwamfutar da ba ta da shi, sai ƙasa ta koma qasa, ɗaki ya koma xaki, ɓarawo ya koma varawo. Wannan ma da sauƙi, domin ana iya musanya su a koma daidai. Babbar ɓarna ita ce ta mai buga takarda da zai ga q da x ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da su k da d. Daga nan faɗa da fada sun zama ɗaya, haka baƙi da baki, haka ƙafa da kafa, kuma babu na'urar da za ta raba su sai mutum ya bi layi-layi. Mu da muka yi amfani da tsofaffin zubin haruffan furuci, irin su SIL IPA93, namu ya fi muni, domin alamomin karin sauti da tsawon wasali kan koma tarkacen da ba ya karantuwa.

Maganin wannan iri biyu ne. Na gaggawa shi ne a shiga foldar haruffa ta tsohon faifai a kwafo zubin a ɗora a sabuwar kwamfuta. Na dindindin kuwa shi ne a juya takardun zuwa Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991, inda kowane harafi mai lanƙwasa yake da lambarsa ta kansa da kowace kwamfuta da kowace waya suka sani. Ranar ƙaura ita ce ranar da ta fi dacewa da wannan aiki, tun zubin da masu fahimtarsa suna nan.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1086 aka rubuta littafin Domesday a Ingila, wanda ya ƙididdige filaye da dukiyar ƙasar, kuma har yau yana nan ana karanta shi. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta tattara bayanai da hotuna daga mutane kusan miliyan guda, akasarinsu 'yan makaranta, ta zuba a faya-fayan zamani na lokacin. Zuwa 2002 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Lids da Mishigan suka yi aiki tuƙuru kafin a ceto su. Mu ma a nan ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana kan kanta, kowa na iya buɗe shi, amma kundin da aka buga a kwamfuta a 1998 sai an yi sa'a. Takarda tana iya jira a kanta shekara ɗari ba a kula ta ba. Abin da ke faifai kuwa sai ana ɗaga shi daga gida zuwa gida, ana duba lafiyarsa a kowane zango.

Abin da aka bari a baya

Saura wani ɓangare da ba a cika tunawa da shi ba, wato makomar tsohon faifai bayan an gama kwashe kaya. Goge fayil ba ya share shi, sunansa kawai yake cirewa daga jerin abubuwan da ke rumbu, kuma fomat na gaggawa ma kusan haka yake. A 2003 wasu masu bincike biyu na cibiyar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka wallafa sakamakon wani gwaji: sun sayi tsofaffin faya-fayai 158 a kasuwa, 129 suna aiki, amma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tarar da bayanan marasa lafiya da wasiƙu da dubban lambobin katin banki.

Mai karatu ya auna wannan da tsofaffin kwamfutocin asibitoci da kotuna da ofisoshin jarrabawa da ake gwanjonsu, ko waɗanda muke bar wa mai gyara a matsayin cikon kuɗi. Tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan wasu alhakin tsare su. Likitan da ya saki faifai da sunayen majinyata a ciki ya ci amana, ko da bai sani ba. Faifan da za a rabu da shi, a bi shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane lungunsa, ko a yi amfani da umarnin sharewa na kamfanin da ya ƙera shi idan SSD ne. Idan kuwa ya riga ya lalace, a huda shi.

Abin da nake kira a yi

Ga ɗaiɗaikun mutane, abu huɗu nake roƙo, kuma duka kafin ranar ƙaura ake yin su. A duba yau ko faifan a kulle yake, in haka ne a nemo lambobin nan 48 a rubuta a takarda a adana tare da takardun gida. A buɗe asusun kwamfuta da hannun kai, kada a bar wa mai shago. A riƙe kwafi uku na duk aikin da ba a son rasawa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wurin daban, ko gidan ɗan'uwa ko rumbun intanet. Sannan bayan an kwashe kaya, a buɗe takardu da sautuka a tabbatar suna aiki kafin a taɓa tsohon faifai. A bar shi a aljihun tebur na wasu watanni, ba ya cin abinci.

Ga jami'o'inmu da cibiyoyin bincike kuwa, lokaci ya yi da za a daina barin wannan al'amari a hannun sa'a. Malami kan yi ritaya ko ya rasu, a kulle kwamfutarsa a sito har ƙura ta cinye ta, alhali a cikinta akwai aikin shekara 30. Ya kamata kowane sashe ya kasance da rumbu na bai-ɗaya, a kuma wajabta wa ɗalibin da ya yi aikin fili ya miƙa muryoyin da ya ɗauka tare da kundinsa, rubutun kuma ya kasance cikin Unicode. Ya kamata ɗakunan karatu su tanadi 'yan na'urorin karanta tsofaffin faya-fayai tun suna samuwa a kasuwa, domin mahaɗin IDE ya riga ya fara wuyar gani. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron bita guda ba. Majalisun jami'o'i da shugabannin sassa suna da ikon zartar da shi a zama ɗaya, kuma gara su yi tun tsofaffin faya-fayan da ke sito suna iya juyawa.